Buhun Kolajin na Biyu

Kumasi,
12 ga Janairu, 2025

Zuwa ga Goggona, Hajiya Ikilima Maiturare, Nima.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida da na shago. Ni ma lafiya, aikin bautar ƙasa yana tafiya. Har yanzu a ɗakin gwajin abinci nake, ina auna gari da man gyaɗa.

Direba Mumuni ya kawo mini saƙo: yaji, turaren wuta, da robar garin kolajin. Na gode, Allah ya ƙara buɗi. Na rubuto ne maimakon in kira, saboda a waya da kin fara dariya sai in manta abin da zan ce.

Goggo, na ga hotona a jikin robar, wanda aka ɗauka ranar da muka gama jami'a. A ƙarƙashinsa an rubuta: "Dokta Rashida ta tabbatar, kifi zalla, halal." Ni ba dokta ba ce. Kimiyyar abinci na karanta, kuma wata huɗu ke nan da na karɓi takarda. Sannan ban tabbatar da komai ba, ko buhun ban taɓa gani ba.

Bari in faɗa miki abin da na sani. Kolajin shi ne abin da ke sa romon ganda ya yi danƙo idan ya huce. Ana samo shi daga fatar kifi da ɓawonsa, ko fatar shanu, ko fatar alade, ko guringuntsin kaza. Idan an gama sarrafawa duk gari ne, ido ba ya raba su. Na kifi ya fi tsada, kuma shi mutanenmu ke nema don ba a tambayar wa ya yanka kifi. Akwai wanda aka farfasa ƙanana, yana narkewa ko a ruwan sanyi. Akwai wanda sai da ruwan zafi, in ya huce ya daskare. Mai kyau, a kowane giram ɗari akwai furotin casa'in ko fiye, kuma yana zuwa da takardar gwaji mai lamba ɗaya da ta buhu, wadda ke nuna an duba dalma da zaiba, domin kifi yana kwasar su daga ruwa. Game da amfani, an yi bincike an ga fatar wasu ta ɗan ƙara laushi bayan wata biyu zuwa uku, sai dai da yawa daga binciken masu sayarwa ne suka ɗauki nauyinsa. Ba ya sa hasken fata, kuma ba a tabbatar yana warkar da gwiwa ba. Wadda kifi ke sa wa ƙaiƙayi kada ta sha.

Robar da kika ba ni a Nuwamba tana da ɗan ƙarni. Wannan ta yanzu fara ce fat, ba ƙarni ko kaɗan. Hakan kaɗai ba laifi ba ne, akwai na kifi da ake tacewa har ƙarnin ya tafi. Amma ina so in san me ya canza. Don Allah ki aiko mini da takardar gwajin da hoton lambar da ke jikin buhu, kuma a daina manna hotona har sai na duba.

A gaishe da Baba idan kin leƙa Sabon Zongo.

'Yarki,
Rashidatu

*

Nima,
19 ga Janairu

Rashi 'yata, Doktar gidan nan,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai zafi da ƙarar masu gini a bayan shago. Wasiƙarki ta zo. Na ce wa matan da ke zaune, ku gani, an tura yarinya karatu ta dawo tana yi mini huɗuba a kan romon ganda.

A Nima duk wanda ya sa farar riga ya riƙe kwalba dokta ne. Ƙanena Iliasu ya miƙo mini ke ranar da aka yaye ki, ni da Allah bai ba haihuwa ba, ya ce Yaya ga taki. Shekara ashirin da ɗaya ina jiran hoton nan. Yanzu ki ce in tura shi ƙarƙashin katifa? Wasu hoton Baturiyar da ba su san uwarta ba suke mannawa. Ni tawa na manna.

Kin tambayi me ya canza. Buhun farko mata sun ishe ni da ƙorafi. Hajiya Lami ta zuba a koko ta ce kamar an wanke kifi a ciki. Wata ta ce mijinta ya shigo yana neman inda kyanwa ta ɓoye abu. Ni da na shekara talatin ina sayar da turare, in koma sayar da ƙarni? Sai na hau trotro, motar haya, na je kasuwar Tudu wurin Alhaji Saddique mai kawo kayan, na ce masa mata ba sa son wari, ya nemo mini marar wari. Sati biyu ya kawo wannan. Fari, mai laushi, har ma ya fi na farko sauƙi. Da hannuna nake aunawa a robobi, na ɗaure kai, na yi bisimilla.

Kasuwa ta buɗe paa, sosai da sosai. Hajiya Lamin nan, magajiyar matan Maamobi, za ta aurar da autarta ranar Lahadi 23 ga Fabrairu, kafin azumi. Ta ɗauki roba sittin za ta raba wa 'yan ƙungiyarmu a wurin biki, maimakon bokiti da kofi da kowa ya gaji da su. Ranar taron ƙungiya na miƙe a gaban mata na dafa ƙirji na ce kifi ne zalla, 'yata ta duba. To ai za ki duba ɗin, 'yan kwanaki ne tsakani.

Ga takardar nan, ga hoton buhun. An fitar da yayin biki, wato anko, leshi ruwan zuma, kowa shi za ta sa. Na saya mana, na kai wa tela naki da tsohon awonki. In fufun Kumasi ya ƙara miki jiki ki faɗa da wuri.

Allah ya yi miki albarka.

Uwarki,
Ikilima

*

Kumasi,
2 ga Fabrairu

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya. Na ga takardar da hoton, na gode. Awona bai canza ba. Don Allah ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki yi fushi.

Lambar da ke kan takardar gwaji tana ƙarewa da 0417. Lambar buhun da kike aunawa yanzu tana ƙarewa da 1126. Takardar ta buhun farko ce, mai ƙarni. Buhu na biyu ba shi da takarda.

Na roƙi shugabar ɗakin gwajinmu ta bar ni in auna robobin biyu. Ba a cuce ki da sitaci ba: na ɗiga aidin, bai yi shuɗi ba. Furotin casa'in da ɗaya cikin ɗari. Kolajin ne na gaske, kuma an farfasa shi da kyau.

Amma akwai wani sinadari a cikinsa, haidroksiprolin, wanda yawansa ke raba kifi da dabbar tudu. A na kifi yakan kasance bakwai zuwa goma sha ɗaya cikin ɗari. A na dabba mai ƙafa huɗu, goma sha biyu zuwa goma sha huɗu. Robar Nuwamba ta ba ni takwas da ɗigo huɗu. Ta yanzu ta ba ni goma sha uku da ɗigo biyu. Sau uku na maimaita ina fatan hannuna ne ya yi kuskure. Shugabata ma ta auna da kanta.

Abin da zan iya faɗa shi ne, kusan tabbas buhu na biyu ba kifi ba ne. Abin da ba zan iya faɗa ba, ko saniya ce, ko alade, ko an haɗa. Na'urarmu ba ta raba su. Mun aika samfuri wani ɗakin gwaji a ƙasar waje, amsa za ta ɗauki sati shida zuwa takwas. Biki kuwa saura sati uku.

Ban ce Alhaji Saddique ya yi da gangan ba, ban san a hannun wa aka canza ba. Na dai san na kifi marar ƙarni tsada yake ƙarawa, ba ya raguwa.

Goggo, ki dakatar da sayarwa, ki karɓo robobi sittin ɗin daga wurin Hajiya Lami. Waɗanda suka riga suka saya, a ce musu su ajiye har amsa ta zo. Suna sha ne don an ce musu kifi ne, kuma da fuskata aka ce.

Ki yafe mini in na yi tsauri.

'Yarki,
Rashidatu

*

Nima,
7 ga Fabrairu

Rashidatu,

Na amsa sallama. Na karanta har ƙarshe kamar yadda kika ba ni umarni, sau biyu ma.

Tambaya ɗaya zan yi miki. Kin ga alade a ciki? Da bakinki kin ce ba ki gani ba. To a kan abin da ba ki gani ba kike so in kunna wa kaina wuta?

Na je Tudu. Na ajiye takardarki a kan teburin Alhaji. Ya ce, "Hajiya, kamfani ɗaya ne, takarda ɗaya ta isa." Na ce lamba ta bambanta. Ya ce, "Ke ma lambar wayarki ta bara ce ta bana? Ba ke ba ce dai?" Na ce ya rantse. Ya ce wallahi tallahi shi kifi ya yi oda. Mutumin nan ya je Makka sau uku. Ya ce in gaishe ki, wai yaran yanzu da sun ga na'ura sai su manta da amana.

Ke a Nima kika tashi, amma kamar ba ki san ta ba. A nan ba a cewa wataƙila. Ki ce wataƙila a bakin shagona, kafin ta kai Kotobabi ta zama alade, ta yi ƙafa huɗu da jela. Ba wadda za ta ce Saddique, ba wadda za ta ce kamfani. Cewa za a yi Ikilima ta shayar da matan Musulmi alade, da bisimilla. Wa zai ƙara sa turarena a jikinsa ya tafi masallaci? Wa zai ci tuwon gidana? Ke in bautar ƙasa ta ƙare aiki za ki samu a inda ba a san ki ba. Ni a layin nan za a wanke gawata.

Ga abin da zan yi. Wannan buhun ya kusa ƙarewa. In ya ƙare ba zan sake karɓar irinsa ba, zan koma mai ƙarni, mata su toshe hanci. Robobi sittin ɗin kuwa sun riga sun fita, an ɗaure su da kintinkiri a ɗakin Hajiya Lami. Abin da mutum ya ci bai sani ba, Allah ba ya kama shi.

Ban ce ki yi ƙarya ba. Ki zo biki, ki sa yayinki, ki zauna kusa da ni. In an ce Dokta sannu da aiki, ki ce yawwa. Shi ke nan abin da na roƙe ki tun da nake da ke.

Uwarki,
Ikilima

*

Kumasi,
11 ga Fabrairu

Goggo,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa.

Alhaji ya rantse a kan abin da ya yi oda. Bai rantse a kan abin da ya zo ba.

Gaskiya ne waɗanda suka sha ba su sani ba. Amma ni na sani tun 1 ga wata, ke kuma tun da wasiƙata ta same ki. Za a shiga azumi, wasu da shi za su yi sahur. In na zauna kusa da ke na ce yawwa, na sa hannu ke nan.

Na fi so ke ki gaya wa Hajiya Lami, zai fi kyau daga bakinki. Zan jira har ranar Litinin 17 ga wata. In ba ki yi ba, zan rubuta mata abin da na auna, ba ƙari ba ragi, kuma zan ce ba ki sani ba lokacin da kika sayar. Na faɗa miki ne don kada in yi a bayan idonki.

Na kira ki sau tara, ba ki ɗauka ba.

'Yarki,
Rashidatu

*

Kumasi,
17 ga Fabrairu

Zuwa ga Mma Hajiya Lami, Magajiyar matan Maamobi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da girmamawa, ina yi miki murnar bikin da ke tafe. Allah ya sa albarka. Ni ce Rashidatu, 'yar riƙon Hajiya Ikilima, wadda hotonta ke jikin robobin kolajin.

An ce na duba garin na tabbatar. Lokacin da aka faɗa ban duba ba. Yanzu na duba, kuma awon ya nuna kusan tabbas ba na kifi ba ne, na dabbar tudu ne. Zai iya zama saniya, zai iya zama alade. Ban sani ba, kuma ba wanda zai sani sai amsa ta zo daga waje a ƙarshen Maris. Ban ga alamar yana cutar da jiki ba.

Goggona ba ta san haka ba lokacin da ta sayar miki. Kifi ta nema, takardar kifi aka ba ta. Ina roƙonki kada a raba robobin ranar biki, a ajiye su har amsa ta zo. Ina kuma roƙon maganar ta tsaya tsakaninki da ita.

Ki gafarce ni da shiga maganar manya.

'Yarki,
Rashidatu Iliasu

*

Maamobi,
26 ga Fabrairu

Rashidatu,

Wa alaikumus salam. An yi biki lafiya, amarya ta tare. Memunatu sakatariyar ƙungiya ce ke rubuta mini wannan, don idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Ita ce ma ta karanta mini taki, muna ɗaki da mata huɗu muna ƙulla kayan rabo. Na ɗauka gaisuwar biki ce na ce ta karanta da ƙarfi. Roƙonki na a rufe maganar a ƙarshen takarda yake. Kafin a kai can kowa ya riga ya ji kalmar alade.

Ban san wadda ta ɗauki hoton takardar ba. Kafin la'asar tana cikin wayar kowa. Ba wadda ta riƙe kalmar saniya. Mata sun fito da robobi suna juyewa a babbar kwata, wasu sun wanke kofunansu sau bakwai har da ƙasa. Wata tsohuwa ta je wurin liman tana kuka, wai sallarta ta wata biyu tana nan ko ta tashi.

Ranar biki Ikilima ta zo cikin yayi, da tukunyar shinkafa da wake kamar yadda kowace 'yar ƙungiya ke kawowa. An karɓa an ajiye a gefe. Har aka tashi ba wadda ta ɗaga murfin. Ta zauna har ƙarshe, kujerar kusa da ita ba kowa. Da aka watse ta ɗauki tukunyarta da kanta. Shagonta a rufe yake tun ranar.

Ban ce kin yi ƙarya ba, kuma na gode ban raba wa mutane abin da ban sani ba. Amma mu nan irin wannan magana ba a rubuta ta. Da kin hau mota kin zo da ƙafarki, ki durƙusa ki faɗa mini a kunne, da na kira Ikilima mu uku a ɗaki, a kwashe robobin shiru a ce ruwa ya taɓa su. Awa biyar ce daga Kumasi. Takarda ba ta iya rage murya.

An koya muku awo, ba a koya muku wannan ba.

Wassalam,
Hajiya Lami

*

Kumasi,
2 ga Afrilu

Goggo,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya karɓi ibada. Wannan ce wasiƙa ta huɗu tun bayan biki, ban san ko sauran sun same ki ba.

Amsa ta zo shekaranjiya. Saniya ce zalla. Ba alade ko kaɗan, ba kifi ko kaɗan. Ko an yanka ta yadda ya kamata, gwaji ba ya nuna wannan. Ga kwafin takardar na haɗo, na ja layi a ƙarƙashin wurin. Na aika wa Hajiya Lami ma, na roƙi Memunatu ta sa a wayar ƙungiya. Ta sa. Mutum biyu ne suka amsa, ɗaya ta ce yanzu kuma an sayi wata takardar.

Ya kamata in zo da ƙafata, ban zo ba. Tsoron fuskarki na ji, na ɓuya a bayan biro. Wannan laifina ne. Amma in na ce miki na yi nadamar faɗa, na yi ƙarya.

An ba ni hutun kwana uku daga ranar Juma'a. Ki ba ni izini in zo gida.

'Yarki,
Rashidatu

*

Nima,
6 ga Afrilu

Malama Rashidatu Iliasu,

Wa alaikumus salam. Takarda ta zo, na ga layin da kika ja. Saniya ce. Madalla.

Jiya na je Sabon Zongo da akwatinki da katifarki. Na ce wa Iliasu ga amanarsa na mayar, ta girma, ta yi ilimi, ba abin da ya rage in koya mata. Ya yi ta ba ni haƙuri. Na ce ba faɗa muka yi ba.

Gidanki yanzu can ne. In hanya ta biyo da ke Nima, ki yi sallama daga ƙofa kamar kowa, za a ba ki kujera a ba ki ruwa. Na leda ne, a rufe yake, ba sai kin auna ba.

Ikilima Maiturare